Indo Mai Randa Ba Ta Yi Kukan Mijinta Ba

Indo 'yar Zermu ce. Aure ne ya kawo ta Mirriya, kuma a Mirriya ta koyi ginin tukwane wajen uwar mijinta. Tsohuwar ba ta da haƙurin koyarwa, Indo kuma ba ta son a maimaita mata magana, don haka suka daidaita: ɗaya tana gini, ɗaya tana kallo, babu mai cewa uffan. Kafin tsohuwar ta rasu hannun Indo ya wuce nata. Tana yin tukunya da kasko da tulu, amma da randa aka san ta. Mutanen Damagaram, waɗanda famfonsu ke zuwa lokacin da ya ga dama, sukan sauko daga mota ranar kasuwa su wuce randunan kowa, su zo su tsuguna gaban nata suna ƙwanƙwasawa.

Ba mace ce mai shiga mutane ba. In an yi haihuwa takan je, ta yi barka, ta fito tun ba a fara hirar wadda ba ta zo ba. Wannan kaɗai ya isa a riƙe mutum a zuciya a unguwarmu.

Mijinta Lawali mai garka ne, salati da tumatir da albasa. Shi ke ɗauko mata yumɓu a amalanke, shi ke tara mata kara da ƙaiƙayi ranar gashin tukwane. Sun haifi 'ya'ya da dama, amma Hafsat kaɗai ta rayu, ta girma, ta yi aure a Damagaram. Lokacin da ƙananan ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, Indo ta yi kukan da sai da aka riƙa ba ta baki. Duk matan unguwa sun gani da idonsu. Daga baya ba a samu ko ɗaya da ta tuna ba.

Ciwon Indo ya fara ne da sauran shekaru kafin Lawali ya rasu, kuma ya fara ne a hankali, yadda ba a cewa ga ranar da ya soma. Bakinta ya riƙa bushewa. Tuwo ya daina wucewa sai ta cika shi da miya ta bi shi da ruwa. Ta bar goro, ta bar ƙuli-ƙuli, don in ta tauna sai su tsaya mata a baki kamar garin katako. Haƙoranta suka fara ruɓewa daga gindi, ita da ba ta damu da zaƙi ba. Ido kuma kullum kamar an watsa mata rairayi. Ta ce hayaƙin gashi ne. Lawali ya kai ta dispansar, ƙaramin gidan likitan gari, aka auna jininta don ciwon suga, aka ce babu, aka ba ta maganin ɗigawa na ciwon ido wanda bai yi mata komai ba. Daga nan suka bar maganar tsakaninsu. Yakan kawo mata lemun tsami daga garka ta riƙa tsotsa, in ta zauna gini kuma ya aje mata kwanon ruwa a gefen dama inda hannunta zai kai. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don shi ba ya ganin ciwon matarsa abin hira ne a majalisa.

Wata safiya yana jan guga a garka ya faɗi. Kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa.

Lawali yana da wa, Mahamud, da ƙanwa, Jummai. Mahamud ya taɓa yin gadi a ƙofar wani gidan likita a Damagaram, shekara ɗaya ko biyu, kafin a sallame shi saboda barci. Tun daga lokacin ya zama rabin likita. In yaro ya yi tari shi ke faɗin sunan ciwon da Faransanci, kuma ba ya faɗin suna ɗaya sau biyu. Jummai kuwa ta daɗe ba ta taka gidan Lawali ba, saboda wata tsohuwar magana kan itacen dabino da ubansu ya bari. Ranar rasuwar ita ce ta fara isowa. Tun daga bakin lungu ta ɗora hannu a ka, ta shigo tana faɗuwa tana tashi, sai da mata uku suka riƙe ta. Da aka zaunar da ita ta share fuska, ta sha ruwa, ta fara duba wa ke kuka wa ba ya yi.

Indo tana zaune a ƙuryar ɗaki, ta jingina da bango. Kafaɗunta na rawa, numfashinta na sarƙewa, amma idonta ja ne kawai, a bushe. Jummai ta kalle ta, ta sake kallo, ta taɓa matar da ke kusa da ita.

Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta zaga tsakar gida. Kafin sadakar uku ta kai kasuwa. Matan da suka zo gaisuwa suka riƙa matsowa kusa da Indo fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, suna leƙa fuskarta kamar masu zaɓen ƙwai. Wata tsohuwa har fitila ta haska mata da rana tsaka, wai tana neman allurarta da ta faɗi.

Sai kuma ana cikin takaba kumatunta suka kumbura, ta gefen kunnuwa, dama da hagu. Ciwo suke yi mata, ko buɗe baki da ƙyar. Jummai ta zo ta gani, ta fita ta ce wa mata su je su kalli mai takabar da ta yi kumatu. Mijinta bai daɗe a ƙasa ba, ga ta ta murmure, fuska ta ciko. Indo kuwa kunu kaɗai take iya sha, zanenta har yana zamewa daga ƙugu, amma ba wanda ya kalli ƙugun.

Azumi ya shigo. Ta gwada, kafin azahar harshenta ya manne da dasashi, ta kasa ko karanta fatiha. Limamin unguwa ya aiko mata cewa mara lafiya ba ya azumi, ta sha ruwanta ta ciyar. Wannan bai hana maƙwabciya ta hango ta ta kan katanga da kwano a baki ba. Yanzu lissafi ya cika: ba ta kuka, ta yi ƙiba, ba ta azumi. Saura suna kawai, kuma ba a daɗe ba aka samo shi. Wani ya tuna wai mayya ba ta hawaye. Ba a san wa ya taɓa auna hawayen mayya ba, amma kowa ya ce ya daɗe da sanin haka.

Ba wanda ya faɗa mata a fuska. Yara dai aka daina aikowa gidan ɗiban wuta. Da ta fita takaba ta kai randuna kasuwa, 'yan gari suka riƙa wucewa suna kallon wani wuri. Wata mata da ta shekara tana shan ruwan randar Indo ta ce dama ta lura ruwa na saurin ƙarewa a cikinta. Gidanta mutum fiye da goma ne ke sha daga randa ɗaya.

Mahamud ya zo da nasa bayanin. Ya zauna a kan turmi, ya ce shi bai yarda da maganar maita ba, don shi mutum ne da ya zauna da likitoci. Abin da ke damunta tansiyo ne, hawan jini, ya hau kai ya shanye ruwan ido. Ya kawo mata wasu ƙwayoyi a leda da ya saya wajen mai tallar magani a kan tire. Ta karɓa ta ce, “Na gode, Yaya.” Da ya fita ta zuba su a murhu.

Hafsat ce ta zo ta tarar da uwarta tana jiƙa tsumma tana ɗorawa a ido, yatsunta sun kumbura har ba ta iya murza bakin tukunya. Ba ta yi shawara da kowa ba. Washegari ta sa ta a motar Damagaram.

A babban gidan likita aka yi ta tura su daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mai duba ido ya saƙala mata wata 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa, ya ce ta rufe ido ta jira. Da ya cire, takardar kusan yadda ta shiga haka ta fito. Ya tura su aka ɗebi jini. Sakamakon jinin bai faɗi magana ɗaya ba, don haka aka haɗa su da wata likita mai duba baki da maƙogwaro, mace mai gajeren bayani. Ta sa wani ɗan katako a bakin Indo, ya manne da kumatunta ta ciki kamar an shafa ƙaro. Ta tambaye ta tun yaushe, ta tambayi haƙora, ta tambayi gaɓoɓi. Sannan ta ce ta taɓa cikin leɓenta na ƙasa da harshe, za ta ji wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Indo ta taɓa, ta ce ta ji su. Likitar ta ce su ma yawu suke yi, kamar manyan da ke gefen kunne waɗanda suka kumbura. Tana zargin wani ciwo ne inda jiki ke rikicewa, masu tsaronsa da ya kamata su yaƙi cuta su juya su afka wa wuraren da ke yin yawu da hawaye. Ba za ta iya tabbatarwa ba sai an ɗan tsaga leɓen ta ciki, an ciro kaɗan daga ƙwayoyin nan, an aika Yamai an duba su da madubin likita. Ta sa musu rana.

Labari ya riga su komawa Mirriya. Ranar da za a yi aikin, suna zaune a benci suna jira, sai ga Mahamud da babbar riga. Ba wanda ya kira shi. Ya ce shi ne babba a gidan tun da ƙanensa ya rasu, kuma ba a yanka matar gidansu ba da saninsa ba. Ya san waɗannan mutanen ciki da waje. Naman mutum suke tarawa su sayar ƙasashen Turawa. Ya san wata mata da aka yanka wa leɓe, har yau in ta sha ruwa ta gefe yake zuba. Hafsat ta tambaye shi sunan matar, ya ce ba 'yar nan ba ce.

Da aka kira Indo ya bi su har cikin ɗakin, yana gaisawa da ma'aikata kamar tsofaffin abokan aiki, su kuma suna kallonsa suna ƙoƙarin tunawa. Ya fara yi wa likitar bayani da Faransancin ƙofar gida. Ta saurare shi har ya gaji, sannan ta juya ga Indo.

“Inna, ke me kika ce?”

“A yanka,” in ji Indo. Sai ta dubi Mahamud. “Yaya, leɓena ne. Abin da bakin mutane ya yanka a jikina ya fi wannan, ban ga ka zo ka tsaya a kai ba.”

Aka ce ya jira a waje. Ya fita yana cewa dama zafi ya yi yawa a ɗakin.

Aikin bai kai a dafa shayi a shanye ba. Aka kwantar da ita, aka juya leɓen, aka yi mata allura a ciki, wadda ita ce kawai ta ji. Daga nan leɓen ya zama kamar na wani. Ta ji ana ja, ana taɓawa, ba zafi. Likitar ta nuna mata abin da ta ciro kafin ta jefa a 'yar kwalba mai ruwa: 'yan ƙwayoyi ne da ba su cika tsinin cokali ba. Aka ɗinke wurin, aka ce kada ta ci mai zafi ko mai yaji har ya warke. Indo ta kalli kwalbar ta yi tunanin, in wannan ne naman da Turawa ke saye, to ba su da wayon ciniki.

Sakamako ya ɗauki makonni. A cikin makonnin nan Mirriya ba ta zauna banza ba. Wasu suka ce rabin harshe aka cire mata. Wasu suka ce likitoci sun gano inda maitar take sun yanke, an tafi da ita Yamai a kwalba. Jummai ta zo dubiya da 'yar fura a ƙwarya, fura mai yaji, ta zauna tana jan Indo da hira don ta ga cikin bakin. Indo ta amsa mata duk tambayoyinta da ka.

Da aka kira su suka koma, ita da Hafsat. Likitar ta ce abin da take zargi ne. An ga masu tsaron jikin sun taru cunkus a cikin ƙwayoyin yawun, sun cinye wuri. Ta faɗi sunan ciwon, sunan wasu Turawa biyu ne a haɗe, na farkon kamar Gujero. Ta ce ya fi kama mata, musamman in shekaru sun fara ja. Ba ya yaɗuwa, ba a ɗauka a kwano ko a randa, ba kuma wani ne ya yi mata ba. Ta kuma faɗa mata gaskiya cewa ba ya warkewa. Akwai ruwan ɗigawa a ido mai maye gurbin hawaye, akwai ƙwayoyi don gaɓoɓi, sai yawan kurɓar ruwa, da kula da sauran haƙoran, da nisantar hayaƙi, da dawowa a riƙa duba kumburin nan.

Indo ta ƙura wa likitar ido. Hafsat ta zaci maganar rashin warkewa ce ta dame ta. Sai ta ji uwar ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, “Likita, ranar da mijina ya rasu ban yi hawaye ba. Wannan ne?”

“Shi ne, Inna. Ko buhun albasa kika yanka a ranar, ba za su zo ba.”

A mota Indo ta faɗa wa 'yarta abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce maganar maita ba ta taɓa shiga kanta ba, ta san kanta. Amma da aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa, har ta fara tambayar kanta ko zuciyarta ce ta ƙeƙashe, ko shekarun da ta yi da Lawali ba ta so shi yadda take zato ba. Wannan ne ya fi hana ta cin abinci, ba bushewar baki ba. Hafsat ta yi kuka har Mirriya. Indo ta riƙe mata hannu tana kallon gonaki ta taga.

Wanda ya zaci gari zai ji kunya bai san garin ba. Hafsat ta bi gida gida tana bayani, aka saurare ta, aka ce Allah ya sawwaƙe, aka ce dama su ba su taɓa yarda ba, wasu ne ke faɗa. Ba a taɓa gano waɗannan wasu ba. Mahamud ya ji sunan ciwon a bakin Hafsat, kafin la'asar yana majalisa yana bayani a kan ciwon kujera, wanda ke kama masu daɗewa a zaune a kan kujerar gini. Ya ce tun farko abin da ya gano ke nan, shi ya sa ya matsa a kai ta gidan likita, har ya raka su da kansa ya yi wa likitar bayani. Waɗanda suka ji shi yana maganar naman Turawa suna zaune a wurin, suna gyaɗa kai.

Jummai kuma ta samu sabon abin faɗa. Ta ga Indo ta ɗaga kai tana ɗiga maganin a ido, ruwan ya gangaro mata a kumatu. Ta fita ta ce yanzu kam an ga hawayen Indo, na farmasi, a kwalba, wanda ake saye. Indo ta ji maganar ta aika mata cewa in nata sun ƙare kafin rasuwa ta gaba, ta zo ta ɗiga mata. Tun daga nan Jummai ba ta sake takowa gidan ba.

Indo ba ta koma yadda take ba. Haƙora da dama sun tafi. Wani ɗan wuri a leɓenta ya daɗe ba ta jin sa kafin ya dawo. Ta daina tsayawa a kan gashi saboda hayaƙi, ta haɗa kai da wata maginiya, Fanta, wadda ke gasa nata tare da na Indo. In sanyi ya kama yatsunta sai ta yi kwanaki ba ta taɓa yumɓu ba. Da zafi ya tsananta 'yan gari suka fara dawowa sayen randa, ɗaya ɗaya, kowace tana cewa ta aika ne a saya wa wata 'yar uwarta. Indo ba ta tambayar kowa komai. Ta faɗi kuɗi, ba ta ragi.

Bara wata mata mai suna Hasana ta zo daga Garagumsa, ɗanta ya kawo ta a babur. A tashar Damagaram ta ji labarin wata mai tukwane a Mirriya da aka yanka wa leɓe aka gano ciwonta. Ita ma bakinta ya shekara biyu a bushe, an kai ta wajen masu magani har ta gaji, kuma an ce mata a gidan likita sai an yanka, ta ji tsoro ta gudo. Indo ta ba ta tabarma da ruwa. Ta juya leɓenta da yatsu biyu ta ce ta matso ta duba. Hasana ta duba, ta sake dubawa, da ƙyar ta ga wani ɗan farin layi.

“Shi ke nan?” ta ce.

“Shi ke nan. Ban ce ciwonmu ɗaya ba, su za su faɗa miki. Ki je ke da wanda kika yarda da shi, kada ki sanar da dangi sai kin dawo.”

Hasana ta fito ta tarar da ɗanta a ƙofar gida, wani dattijo mai babbar riga ya tsare shi a jikin babur yana yi masa bayanin yadda ake aikin, mataki mataki, da yadda shi da kansa ya riƙe fitila ranar da aka yi wa Indo.